Sakamako ɗaya ya fita zakka cikin shida: in soke shi ko in tsayar da kaya?

Rukayya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawara, kuma da ɗan gaggawa, don ana jiran sa hannuna. Ina aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin magani, wata na bakwai ke nan. Jiya na auna ƙarfin ƙwayar farasitamol mai miligram 500, samfur shida daga rukuni ɗaya. Ga abin da na samu, kashi cikin ɗari na abin da aka rubuta a kwali: 99.1, 98.7, 99.4, 98.9, 99.2, sai 88.6. Ƙa'idarmu daga 95 zuwa 105 ce. Biyar lafiya lau, na shidan ne ya fita zakka.

Shugabana ya ce in yi gwajin Dixon, lissafin da ke nuna ko wata lamba ta yi nisa da sauran fiye da kima, idan ya nuna bare ne in soke shi mu saki kaya. Na yi. Tazarar da ke tsakanin 88.6 da maƙwabcinsa 98.7 ita ce 10.1, faɗin duka lambobin 10.8, na raba na samu 0.935. Tebur ya ce ga samfur shida, abin da ya haura 0.625 bare ne. To lissafi ya goyi bayansa. Amma wallahi hannuna ya ƙi ɗaukar biro. Ni ce ke wuce gona da iri, ko kuwa?

Malam Nasiru:
Wa alaikumus salam. Malama, ni ɓangaren sarrafa kaya nake, shekara goma sha ɗaya. Ki soke shi. Ai don irin wannan ranar aka yi gwajin. Biyar sun yi magana da murya ɗaya, ɗaya ya bauɗe, wa za ki bi? Kuma ko ba ki soke ba, ki haɗa shidan ki raba, 97.3 za ki samu, yana cikin ƙa'ida. Ta kowace fuska kayan sun wuce. Ku mutanen ɗakin gwaji ba kwa ganin abin da kwana ɗaya na jinkiri ke ci: man janareto, kuɗin mota, dillalin da ya riga ya biya.

Hajiya Binta:
Rukayya 'yata, kada ki sa hannu. Ajiye biron nan tukuna.

Malam Nasiru, da girmamawa, abubuwa biyun da ka faɗa su ne ainihin abin da aka kai wani kamfani kotu a kansa. A 1993, a wata kotun tarayya da ke jihar New Jersey ta Amurka, Mai shari'a Alfred Wolin ya yanke hukunci a ƙarar da gwamnati ta shigar kan kamfanin Barr Laboratories. Ɗabi'ar da aka tuhume su da ita ita ce, idan sakamako ya faɗi sai a yi ta maimaita gwaji har a sami wanda ya wuce, ko a haɗa mai kyau da marar kyau a fitar da matsakaici ya rufe aibin. Daga wannan hukunci ne hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gina jagorarta kan sakamakon da ya fita daga ƙa'ida, wadda ta fito a 2006 aka sabunta ta a 2022. Abin da ke ciki a fili yake: a gwajin sinadari irin naki, ba a soke sakamako da hujjar lissafin bare kawai. Ana iya ambaton lissafin a cikin rahoton bincike, amma ba shi ne zai kashe lambar ba. Sai an gano takamaiman kuskuren da aka yi a ɗakin gwaji, an rubuta shi, wani ya tabbatar.

Na yi shekara ashirin da ɗoriya a tabbatar da inganci kafin in ajiye aiki. Abin da mai duba masana'anta ke fara nema, ko daga NAFDAC ya zo ko daga waje, shi ne lambar da na'ura ta ajiye amma babu ita a takarda. Idan kin soke 88.6 a takarda, tana nan a cikin kwamfutar na'urar da kwanan wata da sa'a da sunanki. Sunanki, ba na shugabanki ba.

Malam Nasiru:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma Amurka daban nan daban. Kuma idan lissafin ba shi da amfani me ya sa ake koyar da shi?

Dakta Auwal:
Bari in shigo nan, tunda ni nake koyar da shi. Yana da amfani, Malam Nasiru, sai dai ba amfanin da kake nema ba. Gwajin Dixon da na Grubbs, duka tun wajen 1950 suke, tambaya ɗaya suke amsawa: idan duk lambobin nan daga tushe ɗaya suka fito, kuma warwatsuwarsu irin ta yau da kullum ce, shin da wuya a ga lamba mai nisa haka? Amsa a nan ita ce e, da wuya ƙwarai. Na yi na Grubbs ma a kan lambobinta: matsakaici 97.3, SD, wato ma'aunin warwatsuwar lambobi daga matsakaici, 4.28, nisan 88.6 daga matsakaici ya kai SD 2.04, tebur ya ce 1.887. Shi ma ya nuna ta.

Amma ku lura da inda ya tsaya. Ya ce lambar nan ba 'yar gidan ba ce. Bai ce ƙarya take yi ba. Mai yiwuwa hannun Rukayya ne ya kuskure wajen awo, mai yiwuwa kumfa ce ta shiga na'ura, mai yiwuwa kuma ƙwayar ce da gaske ba ta cika ba. Ukun nan a takarda kamarsu ɗaya, kuma babu teburin da zai raba miki su. Sai an tashi an je an duba.

Malama Rukayya, tambaya ɗaya. Samfur shidan nan, gari ɗaya kika niƙa kika raba shida, ko daga wurare daban aka ɗebo su?

Rukayya:
Dakta, daga lokuta daban ne. Ana ɗiba tun farkon buga ƙwaya har ƙarshe, kowane ɗiba da jakarsa da lambarsa. Na shidan shi ne na ƙarshe, daga duro na ƙarshe.

Dakta Auwal:
To magana ta canja gaba ɗaya. Ba abu ɗaya kika auna sau shida ba, abu shida kika auna sau ɗaya ɗaya. Dalilin ɗiba a lokuta daban shi ne a ga ko farko da ƙarshe sun yi daidai. Idan kika jefar da wanda ya bambanta, kin jefar da amsar tambayar da aka sa ki yi. Gwajin Dixon ba shi da hurumi a nan ko kaɗan.

Hajiya Binta:
Haka ne. Jagorar da na ambata ta faɗi wannan da kanta: inda bambancin kayan shi ne abin da ake aunawa, kamar daidaiton sinadari tsakanin ƙwaya da ƙwaya ko narkewarta, ba a amfani da gwajin bare. Inda aka ɗan sassauta shi ne gwaje-gwajen halittu masu yawan kai-komo, shi ma sai an rubuta tun kafin a fara wane gwaji za a yi da kuma a wane mataki. Ba bayan an ga lambar da ba a so sannan a je neman tebur ba.

Malam Nasiru:
Na ji wannan, kuma na yarda ban san daga lokuta daban ba ne. Amma ku ma ku faɗi gaskiya. Sau nawa ake tsayar da kaya kwana uku, a ƙarshe a gano ɗan gwaji ne ya cika kwalbar awo ta wuce zare? A wurinmu mafi yawanci haka abin yake ƙarewa. Idan kowace lamba da ta ɗan karkace za ta tsayar da inji, ba za a yi aiki ba.

Maryam:
Malam Nasiru yana da gaskiya a wannan gaɓar, kuma mu a ɗakin gwajin asibiti mun daɗe da sanin ciwon. Kullum da safe kafin mu taɓa jinin majiyyaci muna gwada samfurin da muka san ƙimarsa, mu ɗora a jadawalin kula da inganci na Levey da Jennings. Idan ka ce duk abin da ya haura SD biyu za ka watsar da aikin ranar, to kusan sau ɗaya cikin ashirin za ka watsar da aiki mai kyau, ba tare da komai ya lalace ba, don haka lambobi suke. Shi ya sa ƙa'idojin da James Westgard ya fitar a 1981 suka mayar da SD biyu gargaɗi kawai. Wanda ke tsayar da aiki shi ne ɗaya ya haura SD uku, ko biyu a jere su haura SD biyu ta gefe ɗaya, ko huɗu a jere su haura SD ɗaya, ko goma a jere su kwanta gefe guda na matsakaici.

Wannan na ƙarshen ya fi ba ni tsoro fiye da bare. Bare ihu yake yi, kowa ya gan shi. Amma goma a jere ƙasa da layi, kowanne cikin iyaka, kowa na sa hannu yana wucewa, alhali sinadarin gwajin ne ke mutuwa a hankali saboda firij ya kwana babu wuta. Na taɓa kama irin wannan a gwajin sukari, kuma ba a ranar da ya fara ba.

Sai dai abin Rukayya ba ɗan karkacewa ba ne. Biyar ɗin nan tsakanin 98.7 da 99.4 suke, hannunta a daidaice yake. Mai irin wannan hannun ba ya tsallen maki goma haka kawai. Ruwa ba ya tsami banza.

Injiniya Kabiru:
Mu a gini ga yadda take. Ana zuba kankare, a cika 'yan akwatunan gwaji, a jiƙa su a ruwa, a fasa su a kwana 28. Ka ce uku daga ɗiba ɗaya sun ba da ƙarfi 27, 28 da 19. Ɗan kwangila zai ce a jefar da 19. Ƙa'idar kankare ta Turai, EN 206, ba haka ta ce ba. Ta ce idan tazarar babba da ƙarami ta wuce kashi 15 cikin ɗari na matsakaicinsu, sakamakon gaba ɗaya ne ba a karɓa, sai idan bincike ya nuna dalilin da za a cire ɗaya. Wato ba ka da ikon zaɓar biyun da suka yi maka daɗi. Mukan ɗauki fasasshen mu duba: akwai ramuka a ciki alamar ba a daddage shi ba? Gefensa ya guntule? An bar shi a rana? Idan an ga haka a rubuta. Idan ba a gani ba, sai a koma jikin ginin a huda a ciro a gwada. Tsada ce, amma mutane ne za su kwana a ƙarƙashinsa.

Usman:
Ni ɗalibi ne, ku yi haƙuri da shigowata. An taɓa ba mu labari a aji cewa NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta yi shekaru ba ta ga ramin ozon ba, wato sirancewar iskar da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, saboda kwamfutarsu tana goge duk lambar da ta yi ƙasa sosai a matsayin kuskure. Ba irin wannan ba ne?

Dakta Auwal:
Usman, kusa da haka ne, amma labarin ya sha gishiri a hanya. Masu binciken Birtaniya uku, Farman da Gardiner da Shanklin, su suka fara bugawa a mujallar Nature a watan Mayu 1985, daga awon da suke yi a ƙasa a tashar Halley da ke Antatika. Manhajar da ke tace bayanan tauraron Nimbus-7 tana sa alama a kan lambobin da suka yi ƙasa fiye da yadda ake zaton zai yiwu, a ware su don a duba. Ba goge su take yi ba. Da yake suna nan a ajiye, aka koma kansu aka ga ramin ya mamaye sararin nahiyar, kuma a 1987 aka sa hannu kan yarjejeniyar Montreal ta kare ozon. Darasin da ya shafe mu shi ne bambancin sa alama da gogewa. Wanda ya sa alama yana iya komawa.

Tunda na buɗe baki, bari in ƙara abu biyu da nake gani kullum a takardun masana'antu.

Wasu suna aiki da dokar "duk abin da ya wuce SD uku bare ne" a kan samfur biyar ko shida. Wannan dokar ba za ta taɓa kama komai ba. Idan da lambobin da kansu ka fitar da SD, mafi nisan da lamba za ta iya kaiwa a ma'aunin SD shi ne yawan samfur, n, ban da ɗaya, a raba da tushen murabba'in n. Ga shida, 2.04 ne. Ga goma, 2.85. Sai ka kai goma sha ɗaya kafin ma ya yiwu a taɓa uku. Ko da Rukayya ta sami sifili a na shidan, dokar za ta ce lafiya, don baren da kansa ne ke kumbura ma'aunin da ake auna shi da shi. SD uku na jadawalin kula da inganci na Walter Shewhart, wanda ya faro a 1924, daga tarihin aiki mai tsawo ake gina iyakarsa, kuma a can ne ƙararrawar ƙarya take zama kusan sau ɗaya cikin 370.

Sannan bare yana ɓoye ɗan'uwansa. A ce a maimakon 98.7 ta sami 88.9. Yanzu biyu sun faɗi, lamarin ya fi muni, amma Dixon zai ba da 0.3 a raba da 10.8, wato 0.03, ya ce babu bare. Shi ya sa na fi son a yi aiki da lambar tsakiya. Tata 99.0 ce, tsakiyar nisan lambobin daga gare ta 0.25, kuma idan aka raba nisan 88.6 daga gare ta, 10.4, da 0.25 aka ninka da 0.6745 kamar yadda ake yi, za a samu kusan 28, alhali daga 3.5 ake fara zargi. Lambar tsakiya ba ta bin bare duk inda ya ja.

Isuhu daga Maraɗi:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba ɗan lissafi ba ne, harkar gyaɗa nake, amma na ga abin ya shafe mu. A gwajin gubar afulatoksin, lambar da ta yi tsalle ita ce ake nema. Gubar ba ta bazu a buhu daidai kamar gishiri a miya. Ƙwaya kaɗan ne masu funfuna ke ɗauke da ita da yawa, sauran tsab. Wake ɗaya ke ɓata gari. Sai ka gwada hannu biyar ka ga kusan babu komai, na shida ya haura sama. Wanda ya ce na shidan kuskure ne ya ɗora kaya, can tashar jirgin ruwa za a dawo masa da su. Turai iyakarta mikrogram 4 ne a kilo ga gyaɗar da za a ci kai tsaye, Codex, ƙa'idar abinci ta ƙasa da ƙasa, kuma 15 ga wadda za a ƙara sarrafawa, kuma Codex samfurin kilo 20 take so a tara daga wurare da yawa a niƙa, saboda wannan dalilin. Abin ba na wasa ba ne, a Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu daga gurɓatacciyar masara.

Dakta Auwal:
Madalla, Malam Isuhu. Irin bayananka masu doguwar jela ne ta gefe ɗaya, kuma Dixon da Grubbs duka sun ginu ne a kan zaton warwatsuwa mai daidaiton gefe biyu. Wanda ya ɗora su a kan afulatoksin zai yi ta soke gaskiya.

Rukayya:
Na gode ƙwarai, kun cire mini nauyi. To a aikace me zan yi yanzu? Ba na son in je wa shugabana da "a'a" kawai.

Hajiya Binta:
Kada ki zubar da komai, wannan shi ne na farko. Ruwan samfur na shida, kwalbar awon, bututun da kika yi amfani da shi, duk su zauna yadda suke. Ki cika takardar sakamakon da ya fita daga ƙa'ida yau ɗin nan, ki kai wa sashen tabbatar da inganci, don hukuncin sakin kaya nasu ne, ba naki ba kuma ba na shugabanki ba. Sannan ke da wani babba ku bi sawun aikin: takardar sikeli ta yi daidai da abin da kika rubuta? Lissafin fa? Ruwan ma'auni da aka gwada kafin da bayan samfur ɗin ya tsaya a inda yake? Akwai gari da bai narke ba a gindin kwalba? A sake saka ruwan nan dai a na'ura, in ya dawo 99 to na'ura ce ta yi tuntuɓe. A sake tsarma shi daga uwar kwalba, in ya dawo to a tsarmawa aka yi kuskure. Kowane mataki ki rubuta abin da kike zato kafin ki yi shi.

Idan duk wannan bai nuna laifin ɗakin gwaji ba, bincike ya koma wajen inji. Kuma idan za a sake gwaji, a ƙayyade sau nawa tun farko a takarda. Ba a yi ta yi har sai an ga abin da ake so.

Ki yi wa shugabanki magana da ladabi. Ki ce kina kare shi ne, don gaskiya ce.

Malam Nasiru:
Tunda na ƙarshen bugu ne, ki ce su duba nauyin ƙwayar. Farasitamol kusan duk jikin ƙwayar magani ne, da wuya gari ya rabu har ya ba da wannan tazarar. Amma idan garin ya yi ƙasa a mazubi, ramin da ake buga ƙwaya a ciki ba ya cika, ƙwaya sai ta fito da sauƙi. Ki nemi takardar awon nauyi da mai inji ke cikawa.

Rukayya:
Salam, ga yadda aka kwana. Na cika takardar, shugabana bai ji daɗi ba amma ya sa hannu. Mun sake saka ruwan, 88.5. Mun sake tsarmawa, 88.7. Sikeli da lissafi babu matsala. Sai muka bi shawarar Malam Nasiru. Ƙwayarmu wajen miligram 590 take, amma ashirin da muka auna daga jakar ta shida matsakaicinsu 528. Takardar mai inji kuma babu komai a layukan rabin sa'ar ƙarshe, daidai lokacin canjin ma'aikata. An killace rukunin gaba ɗaya, an sa wa duron ƙarshe jan tambari.

Malam Nasiru:
To Alhamdulillahi da ba ki bi maganata ta farko ba. Yanzu sai a cire duron ƙarshe a saki sauran, ko Hajiya?

Hajiya Binta:
Ba da sauri haka ba, Malam. Sai an nuna a wane lokaci nauyin ya fara sauka. Tsakanin ɗiba na biyar da na shida babu wanda ya san abin da ya faru, kuma mai yiwuwa duron da ke gabansa ma ya samu rabonsa. Sai an auna duro duro.

Rukayya, akwai abin da ya fi wannan damuna. Canjin ma'aikata kullum ake yi, mazubi kuma kowane rukuni sai ya ƙare. Ki nemi takardun rukunan baya ki duba layukan ƙarshe.

Rukayya:
Na ɗauko uku yanzu, Hajiya. Biyu daga ciki layukan ƙarshen babu komai, kuma duka biyun sun riga sun fita kasuwa. Na gaya wa sashen inganci, sun ba ni makullin ɗakin ajiyar samfur. Gobe da safe in sha Allahu zan fara auna su.